Tudu da Kwarin Tamale a Cikin Hoto Mai Ruwan Toka

Baƙon da ya taho Tamale a mota daga Kumasi, da zarar ya baro Kintampo ya ƙetare Baƙin Volta a Buipe, ya sake ƙetare Farin Volta a Yapei, maganar da yakan yi guda ce, wai ƙasar nan shimfiɗe take kamar faifai. Ba a ganin laifinsa. Wanda ya saba buɗe ido ya ga Dala da Gwauron Dutse, ko Kufena, ko duwatsun Kwatarkwashi, in ya zo nan sai idonsa ya yi ta yawo bai sami abin da zai tokare shi ba, daga itatuwan kaɗanya sai hasumiyar masallaci sai turakun waya. Amma a tambayi mai keke. Tamale garin kekuna da babura ne, kuma duk yaron da ya taɓa ɗauko jarkokin ruwa huɗu a bayan keke ya san inda cinya take ɗaukar zafi, ya san inda ake sakin feda keke ya tafi da kansa. Ruwan sama ma ya sani. Ran da aka yi mamakon Agusta, cikin awa guda yakan nuna wa kowa inda tudu yake da inda kwari yake, ba tare da ya nemi shawarar mai unguwa ba.

Ni ɗan zangon Tamale ne, abin da nake ci da shi kuwa haɗa hotuna masu motsi a kwamfuta, irin aikin da ake iya kira siddabarun fim, a kunna wuta inda babu wuta, a gina birni inda babu ko bukka. Wani reshe na sana'ar shi ne ƙera ƙasa, wato samar da filin da labari zai gudana a kansa, da tuddansa da rafukansa. Fannin bai sami kalmomi a harshenmu ba tukuna, dole mai magana ya yi ta lalube yana ƙirƙira, kuma na san ɗalibin Hausa zai so ya ga yadda laluben yake. Abin da ya fi tunzura ni in yi rubutun dai shi ne, da na zo ƙera ƙasar garinmu, sai na tarar tsofaffin kalmomin manoma da fatake sun fi kayan aikin da ke hannuna kaifin ido.

Tushen aikin wani hoto ne wanda babu launi a cikinsa sai baƙi da fari da abin da ke tsakaninsu. Ni “hoton tudu da kwari” nake ce masa. A ɗauka an hau sama an leƙo ƙasa tsaye, an raba ta gida-gida kamar dara, kowane gida aka auna tsayinsa daga fuskar teku aka rubuta lamba. Sai a mayar da lambar launi, mafi ƙasƙanci ya zama baƙi wuluk, mafi tsayi fari fat, saura su zama ruwan toka gwargwadon matsayinsu. Kowane ɗigo na hoton ke nan lamba ce ta ɓad da kama. Idan aka miƙa wa manhaja wannan hoto, sai ta shimfiɗa wani fili mai kama da tabarma, ta bi shi ɗigo-ɗigo, inda ta ga fari ta ɗaga, inda ta ga baƙi ta bari a ƙasa. Kafin ƙiftawar ido tabarma ta zama ƙasa, ana iya zagaya ta, a fito mata da rana ta gabas, a ga inuwa ta kwanta. Sharaɗi guda ne, kowane wuri tsayi ɗaya gare shi. Saboda haka wannan hanya ba ta san kogo ba, ba ta san ƙarƙashin gada ba, balle cikin rijiya. Mai karatu ya riƙe wannan giɓi a ransa, za mu sake cin karo da shi.

Manhajar da na fi aiki da ita Houdini ce, ta kamfanin SideFX na Toronto a Kanada, wadda ta ci sunan wani shahararren mai siddabaru da ya mutu a 1926. Ta fito tun 1996, amma kayan ƙera ƙasa irin waɗannan sai a fitowarta ta 16, a shekarar 2017, suka shigo. Akwai nau'inta na koyo da ake saukewa kyauta, wanda kuma bai same ta ba yana iya gwada ainihin dabarar a Blender. Abin da ya bambanta Houdini da sauran shi ne ba a sassaƙa abu da hannu a wuce wurin. Sarƙa ake ƙullawa, gaɓa bayan gaɓa. Ta farko ta ɗauko hoto, ta biyu ta ɗaga shi, ta uku ta goge kaifinsa, ta huɗu ta zuba masa ruwan sama. Kamar a ce uwargida ta rubuta maka yadda ake miyar kuka daki-daki maimakon ta zuba maka kwano guda. In ka ƙara daddawa a mataki na biyu, duk abin da ya biyo baya sai ya sake ɗanɗano da kansa. In na cire hoton Tamale daga gaɓar farko na sa na Jos, sarƙar za ta bi shi da aiki iri ɗaya ba tare da na taɓa sauran ba.

To, ina ake samun hoton ƙasa ta gaskiya? Wanda na fara amfani da shi ya samo asali ne daga wata tafiya ta kwana goma sha ɗaya. A watan Fabrairu na 2000 hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Endeavour ɗauke da na'urar rada mai kunnuwa biyu, ɗaya a jikin kumbon, ɗaya a ƙarshen wani sanda mai tsawon mita 60. Na'urar takan jefo igiyar rediyo ƙasa, kunnuwan biyu su saurari komawarta, daga ɗan bambancin abin da suka ji a lissafo tsayin wurin. Da haka aka auna kusan kashi 80 cikin ɗari na sandararriyar ƙasar duniya. Aikin shi ake taƙaita sunansa da SRTM. Shekara da shekaru abin da aka sakar wa jama'a game da Afirka mai gida mita 90 ne, sai a Satumbar 2014 aka saki mai gida mita 30. An yayyanka shi, kowane yanki digiri ɗaya a tsaye digiri ɗaya a kwance, wajen kilomita 110 ta kowane gefe. Namu sunansa N09W001, ɗigo 3,601 sau 3,601, kusan miliyan 13 ke nan. Tamale tana ta yammacinsa, bakinsa na gabas kuwa ya tsaya daidai Yendi, mazaunin Ya-Na sarkin Dagomba, domin layin Greenwich ta gefen garin ya ratsa. Wanda ke son Farin Volta ya shigo, tare da Nawuni inda ake jawo ruwan da Tamale ke sha, sai ya haɗa da yankin da ke yamma da shi.

Ranar da na ɗora yankin nan a kan tabarmar Houdini da ma'auninsa na gaskiya, abin da ya fito faifan baƙon nan ne sak. Lissafin ba shi da wuya. Garin yana wajen mita 150 zuwa 200 bisa fuskar teku. A ce tsakanin wuri mafi tudu da mafi kwari a yankin akwai mita ɗari ko ɗari biyu, faɗinsa kuwa mita 110,000. In aka rage shi ya koma tabarma mai faɗin mita ɗaya, duk hawa da gangarar da ke ciki ba za su wuce kaurin ƙwayar gero ba.

Akwai kuma matsalar yawan launukan toka. Hoto na yau da kullum matakai 256 ne kaɗai gare shi daga baƙi zuwa fari. In an raba tsayin Kilimanjaro, mita 5,895, a kan matakan nan, kowane mataki ya ci mita 23, Tamale da kewayenta kaf sai su shige cikin matakai uku ko huɗu. Shi ya sa ake neman hoto mai zurfin lamba, mai matakai 65,536, a kuma matse ma'aunin ya tsaya tsakanin ƙasan yankin da samansa kaɗai. Ko an yi haka da sauran rina a kaba, domin SRTM da cikakkun mitoci ya rubuta tsayi, babu rabi babu kwata. A jikin dutse wannan ba ya nunawa. A ƙasar da sai an yi tafiyar mita ɗari ko ɗari biyu kafin a sauka mita ɗaya kuwa, fili yakan fito hawa-hawa kamar matakalar bene mai faɗin gaske, kowane mataki da kaifin bakinsa. Dole a sa gaɓar gogewa ta lallashe su, ita kuma gogewa ba ta tantancewa, takan tafi da na gaskiya tare da na ƙarya.

Sannu a hankali na fahimci kayan aikin nan 'ya'yan duwatsu ne. A 1980 Loren Carpenter, yana ma'aikacin kamfanin jiragen sama na Boeing, ya nuna wani ɗan fim na minti biyu mai suna Vol Libre, inda ake shawagi a kan tsaunukan da lissafi kaɗai ya haifa. Ken Perlin, bayan ya yi aiki a fim ɗin Tron na 1982, ya ƙago wata dabarar lissafi da ke samar da rashin daidaito mai kama da na halitta, har masana'antar fim ta Amurka ta ba shi lambar yabo a 1997 saboda ita. Turawa suna kiran dabarar da kalmar da ke nufin hayaniya. Ni “yamutsi” nake cewa, domin aikinta ke nan, ta yamutsa fili mai santsi ya koma kamar rigar da ba a goge ba. Darussan da suka cika intanet daga nan suka gado ɗabi'a. A zuba yamutsi, a ninka tsayi, a saki zaizaya, sai ga tsaunuka masu ƙanƙara a ka. Da wuya ka ga malamin da ya zauna yana koyar da yadda ake ƙera fadama.

Wani abokina mai shirya gajerun finafinai ya zo mini da labarin ayarin fataken Gwanja, waɗanda a ƙarni na 19 suke tasowa daga Kano da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ratsa Borgu, su bi ta Sansanne Mango da Yendi, su sauka Salaga su sayo goro. Zangunan Hausawa da yawa a Ghana jikokin wannan hanya ne, musamman bayan da yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa; Tamale kanta sai da Turawan Ingila suka baro Gambaga suka mayar da ita mazauninsu a 1907 ta fara zama birni. Abokin nawa ya so in ƙera masa zangon ƙarshe na tafiyar, daga Yendi zuwa Salaga. Na haɗa yankinmu da na kudancinsa na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, can ya ce, “Malam, wannan ai babu abin kallo. Ɗaga mana ita mana.”

Ɗagawa ba ta da wuya, lamba guda ake canzawa. Na ninka masa tsayin sau 20 ya gani. Nan take kwarin kogin Daka ya zama kwazazzabo mai ban tsoro, tuddan da jaki ke hawa bai san ya hau ba suka zama tsaunuka. Ya tafa hannu. Ni kuwa na ce masa ya yi tunanin abin da ke hana madugu barci a wannan hanya. Mashigi ne, ko ruwan ya janye ko bai janye ba. Laka ce wadda jaki mai kaya ke nutsewa a ciki har ƙirji. Ƙudan tsando ne a bakin ƙorama, da nisan da ke tsakanin ruwa da ruwa in rani ya yi nisa, da gamba mai shanye mutum a tsaye wadda ɗan fashi ke iya kwanciya a ciki taku goma daga hanya. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana da nata firgici, ka hango hadari tun daga nesa babu inda za ka fake, ba ka kuma ganin rafi sai ka zo bakinsa. In aka ba labarin duwatsu, jarumtar mutanen ta koma ta wasu, kuma yaron zango da zai kalla zai ɗauka kakanninsa ta wata ƙasa suka bi. Mai son tsauni a arewacin Ghana ai akwai shi, ga gangaren Gambaga da ake sauka ta Nakpanduri, ga duwatsun Tongo kusa da Bolgatanga, amma ba a kan hanyar Salaga suke ba. Mun daɗe muna ja-in-ja kafin muka tsaya a kan ninki uku. Sauran aikin haske ne ya yi shi. Na sauko da rana ƙasa-ƙasa kamar ta bayan la'asar, inda kowane ɗan tudu ke jan doguwar inuwa, na ajiye kyamara daidai kunnen jaki, na saki hazon hunturu ya haɗiye nesa.

A wannan aikin ne kalmomi suka shigo mini. Cikin sarƙar akwai gaɓar da ke ware wani sashe na ƙasa don aiki ya taɓa shi shi kaɗai. Na raɗa mata “ɗauri”, don tana tuna mini da marinar Ƙofar Mata, inda duk wurin da aka ɗaure da zare baba ba ya shigarsa. Manhajar tana ɗaurewa bisa tsayin wuri, ko tsananin gangararsa, ko fuskar da yake kallo. Waɗannan tambayoyi ne na mai hawan dutse. A ƙasarmu amsarsu kusan ɗaya ce ko'ina, ba su raba komai ba. Da na zauna zan sa wa kowane ɗauri suna, sai na ga Hausa ta riga ta yanka ƙasar tun da daɗewa, da wata wuƙa dabam.

Ɗauki tudu. Ba ruwansa da fuskar teku, wuri ne da ya ɗara maƙwabcinsa har ruwa ba ya kwana a kansa, ko da tazarar kamu biyu ce. Shi ya sa kalmar ta haifi Tudun Wada a garuruwa da dama, ta kuma haifi “tudun mun tsira”. Kwari kishiyarsa ne. Fadama kuwa ta fi kwari zurfin ma'ana, domin a cikinta akwai siffa, akwai irin ƙasa, akwai lokaci. Kwari ne mai laka wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa da damina, ya bar danshi da rani har a yi lambu. Turancin ayyukan raya karkara a Nijeriya bai sami madadinta ba, tun shekarun 1990 ya are ta yadda take. Jigawa tudu ne mai rairayi, ruwa ya sauka ya nutse nan take, ƙasar gero da gyaɗa. Faƙo akasinta ne ta wata fuskar, ƙasa ce mai tauri wadda ruwa ke zamewa a kanta bai shiga ba. Marmara ita ce jan dutsen nan mai ƙuraje da ake tarar da shi in an tona, wanda ya rina hanyoyinmu da ƙafafun wandunanmu. Wadda ta fi burge ni ita ce hayi, tudun da ke ƙetaren rafi, domin kalmar tana ɗauke da inda mai magana yake tsaye. Hayin Banki na Kaduna da Hayin Dogo na Samaru wanda ke wannan gefen ne ya raɗa musu suna. Ruwan kansa an jera shi tun daga ƙorama da rafi har gulbi da kogi, an kuma raba tafki da kududdufi, wanda hannun mutum ne ya haƙa shi garin ɗibar ƙasar gini. Dagombawa masu ƙasar suna da nasu jerin a Dagbanci, wanda aka ɗinka shi daidai jikin wannan ƙasa.

Ɗalibi ya lura, kusan kowace kalma a cikin waɗannan abin da ruwa ke yi a wurin take faɗa. Da na ga haka sai na juya sarƙar. Na fara sakin ruwa a kan fili, na bar shi ya nemi hanyarsa, sannan na ɗaure daga sawun da ya bari. Inda gangara ta yi laushi ruwa kuma ya taru daga wurare da yawa, na sa masa suna fadama, na baƙanta ƙasarsa, na shuka giyayya da shinkafa. Inda ruwa ya watse bai taru ba, tudu ne, na warwatsa kaɗanya da ɗorawa, nan da can kuka. Suri da tsibin doya, waɗanda awon sama bai isa ya gan su ba, su ne kaɗai na bar wa yamutsi ya samar. Ƙasar ba ta ƙara ko taku ɗaya na tsayi ba, amma duk ɗan arewacin Ghana da na nuna wa sai ya ce ya san wurin.

Sakin ruwan nan yana da nasa tarko. Gaɓar zaizaya tana kwaikwayon damina ne, ta zubo ruwa, ruwa ya kwashi ƙasa daga sama ya ajiye a ƙasa, a maimaita sau da yawa. Tana gaskata duk abin da hoto ya faɗa mata. Rada kuwa ba ƙasa tsiraicinta ta gani ba, abin da igiyarta ta fara karo da shi ta auna, kan itace ne ko rufin ɗaki. An yi sa'a Fabrairu rani ne tsantsa a nan, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta. Amma itatuwa masu duhuwa a ƙasarmu bakin ƙorama suke bi, saboda haka wani lokaci daidai inda ƙasa ta fi zurfi sai hoto ya nuna kunya ta taso. Ƙaramin kurmi ya zama tsibi, unguwa mai yawan mangwaro da darbejiya ta zama tudu. Sai kuma giɓin nan da na ce a riƙe. Titin da aka yi wa ciko aka ɗaga, a idon hoton bango ne, domin kwalbatin da ke ƙarƙashinsa ba shi da hanyar bayyana a wurin da tsayi ɗaya kaɗai aka yarje masa. Ruwan kwamfuta sai ya taru a bayan titi ya zama tafkin da babu shi. Dole in bi da hannu ina tsaga hanyar ruwa, kuma ba na sanin inda zan tsaga sai in na taɓa bin hanyar da babur. Akwai sabon awo na Turai mai suna Copernicus wanda ke rubuta har gutsuren mita, ya rage matsalar matakala, amma gidansa mita 30 ne shi ma, kuma shi ma kan itace yake gani.

A fim, kuskuren mita biyu babu wanda zai kula. A wajen fim, mita biyu a ƙasar nan ita ke raba wanda zai kwana a kan katifarsa da wanda zai kwana yana kwalfar ruwa. Ƙauyukan bakin Farin Volta kusan kowace shekara suna sauraron sanarwar ranar da za a buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, wajen Agusta ko Satumba, kuma ambaliyar 2007 ba ta fita daga bakin mutane ba. Tamale ba a bakin kogin take ba, nata ruwan daga sama yake zuwa, ya tarar an yi gini a hanyarsa. A ƙidayar 2000, shekarar da kumbon ya wuce ta kanmu, mutanen garin 200,000 ne da 'yan kai. Tun daga lokacin garin ke ta cin gonakin da ke kewaye da shi, fuloti bayan fuloti, kuma cinikin fili da rani ya fi kankama, lokacin da tudu da fadama suke sanye da riga iri ɗaya ta ƙura.

Wata ranar Maris kawuna ya sallama ɗakin aikina, abin da bai saba ba. Bayan mun gaisa ya zaro wata takarda daga aljihu ya ce, “Ɗana, an ce injinka yana ganin ƙasa daga sama. Duba mini wannan wuri kafin in biya.” Fuloti ne a bayan gari, ƙafa 100 sau 100. Na lissafa masa, ƙafa 100 mita 30 ce da ɗan ɗoriya. Na ce, “Kawu, filin nan naka gaba ɗaya ɗigo ɗaya ne a hoton, kuma ɗigon yana iya kuskure da tsayin ɗaki ko fiye.” Abin da hoton ya iya faɗa shi ne unguwar duka tana kwance cikin wani faffaɗan kwari marar zurfi, wanda wata baƙar jijiya ta ratsa. Ko fulotin yana bakin jijiyar ko yana kan ɗan tudu a gefenta, wannan sai ƙafa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, in ji masu iya magana.

Washegari muka hau babur. Wurin fili ne fetal, dillali yana ta nuna mana turakun siminti da aka kakkafa. Kawu bai kula shi ba, ƙasa yake kallo. Baƙa ce, ta daddare kamar tafin ƙafar manomi. Ya ɗaga kai ya dubi itatuwa, babu kaɗanya ko ɗaya sai can nesa, kusa da mu giyayya ce biyu. Wata dattijuwa Badagomba ta zo wucewa da itace a ka, ya gaishe ta da Dagbanci, ya tambaye ta me ake nomawa a nan kafin a yanka. Ta ce shinkafa. Ya juyo ya dube ni ya ce, “Wannan fadama ne.” Ɗalibi kada ya yi saurin gyara masa. A daidaitacciyar Hausa “fadama ce” za a ce, amma Hausar zangunan Ghana ba ta cika raba namiji da tamata ba, “ne” takan wadatar.

Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Daga baya ya sayi wani fulotin a kan marmara, ya fi tsada, ya kuma sha wuyar haƙa harsashi. Wancan wurin bai rasa masu saye ba. Na bi ta can bara da kaka, gidaje sun tashi, yawancinsu an ɗaga harsashinsu bulo biyar ko shida kafin a kai ga daɓe, wasu sun jera duwatsu daga bakin hanya zuwa ƙofa, ga kuma zanen laka a jikin katangu daidai gwiwa. A hoton 2000 da ke kwamfutata babu gida ko ɗaya a wurin, jijiyar nan ce kawai, faɗinta ɗigo uku ko huɗu, ta ratsa ta nufi rafi.